Anya ƙwazo kaɗai ke kai mataimakin koci gaba?

Wani marubuci ya ce duk mataimakin kocin da ya yi haƙuri ya nuna ƙwazo a ƙwallon Amurka, wata rana sai ya zama babban koci. Anya kuwa? To ina za a sa Eric Bieniemy? Shi ke tsara kai hari a ƙungiyar Kansas City Chiefs daga 2018 zuwa 2022, suka ɗauki kofin Super Bowl, babban kofin gasar ƙwallon Amurka ta NFL, sau biyu, ƙungiyoyi suka yi ta kiransa ganawa, ba wadda ta ɗauke shi babban koci. Ya koma ƙungiyar Washington a 2023, daga nan jami'ar UCLA, sai ga shi a Chicago Bears a 2025 yana horar da masu gudu da ƙwallo, aikin da ya baro tun tuni. Sean McVay kuwa yana ɗan shekara 30 ƙungiyar Rams ta danƙa masa ragama a 2017. Ban ce bai iya ba, ai ya ci kofi, amma kakansa John McVay jigo ne a ƙungiyar 49ers a zamaninsa. Malam mai cewa ai Andy Reid, babban kocin Chiefs, ke juya wasan, ba Bieniemy ba, Doug Pederson da Matt Nagy fa? Wannan kujerar ta Bieniemy suka riƙe a ƙarƙashin Reid ɗin, duk suka samu ƙungiya, su farare, shi baƙi. Dokar Rooney ta 2003, dokar NFL kan ɗaukar koci, ganawa da 'yan tsiraru irin baƙaƙen fata kawai ta wajabta, ba ɗauka ba. Me ganawar ta tsinana masa?