Gardamar siyasa a bakin tukunya ba laifi ba ce, amma a bi kowane kayan cefane zuwa tushensa

An yanka rabin albasa, wuƙa na hannu, tukunya ta fara ɗaukar zafi. Ƙanwa ta ɗaga kwalbar mai ta karkata ta, ta ce, "Yaya, wannan fa ba zai kai mu ƙarshen mako ba." Yayar ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai ku kuka zaɓe su." Ƙanwar ta dire kwalbar. "Haba Yaya, naku da suka sauka me suka bar mana in ban da bashi?" Daga nan an bar maganar mai, an koma wa ya zaɓi wa, har albasar ta ƙone ba a ce uffan kan abin da ya sa man ya yi tsada ba.

Ba na cikin masu cewa a raba girki da siyasa. Mai riƙe da kuɗin cefane ita ce ta farko da ke jin sakamakon duk wata doka a kan abinci, tun kafin masana su fitar da alƙaluma, don haka tana da bakin magana fiye da kowa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gardamar. Ana ɗaukar cefane gaba ɗaya kamar abu guda, a ɗora shi a kan mutum guda. Alhali ƙwai da shinkafa da man girki kowanne da hanyar da ya biyo kafin ya iso kicin, kuma a kan kowace hanya akwai hannun gwamnati a wani wuri, babu shi a wani wurin. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an bi an ga abin da ya faɗa ciki.

Mu ɗauki ƙwai. Abincin kaji shi ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma yawancinsa masara ne da waken suya. Masara tana son taki, shi kuwa takin zamani mai sinadarin naitirojin da iskar gas ake yin sa, ita ce mafi yawan kuɗin haɗa shi. Ke nan in gas ya tashi bana, manomi zai rage taki ko ya saya da tsada, girbi ya zo bayan watanni, mai kaji ya sayi masarar, sannan ne ƙwai zai ji a jikinsa. In kuma murar tsuntsaye ta shiga, kamar yadda ta yi a Amurka tun 2022 har aka hallaka miliyoyin kaji masu ƙwai, to ko yau aka ƙyanƙyashe sabbin 'yan tsaki, sai sun kai kusan wata biyar kafin su fara ajiye ƙwai. Babu shugaban da zai sa hannu a takarda ya rage wa kaza waɗannan watannin. Wannan jinkirin shi ya sa sau da yawa ake zagin wanda ke kan kujera a kan abin da aka shuka kafin ya hau, ko a yabe shi a kan sauƙin da ba shi ya kawo ba.

To amma kada a ce siyasa ba ta shiga tukunya. Tana shiga, kuma ana iya nuna ƙofar da ta bi. Rasha ta kutsa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022. A lokacin, ƙasashen biyu ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake cinikinta a duniya, Yukiren kuma ita ce kan gaba wajen fitar da man furen rana. A watan Maris na shekarar, ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai kusan maki 160, abin da bai taɓa kaiwa ba tun 1990 da lissafin ya faro. Sai kowace ƙasa ta fara rufe rumbunta. Indunusiya ta hana fitar da manja a ƙarshen Afrilu, duk da dai ta janye kafin wata guda. Indiya ta hana fitar da alkama a watan Mayu, sannan a Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, ƙasar da ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a duniya. Duk waɗannan hukunci ne na 'yan siyasa, sai dai 'yan siyasar da mai girki a wata nahiya ba ta zaɓa ba, ba kuma za ta iya saukewa ba. An ga irinsa a 2008, lokacin da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, masu saye suka firgita suka yi ta rububi, farashi ya kusa ninkawa uku cikin 'yan watanni ba don gonaki sun gaza ba. A Haiti zanga-zangar tsadar abinci ta yi awon gaba da firaminista a watan Afrilun shekarar.

Akwai kuma abin da gwamnatin gida ke yi da hannunta, kuma a nan ne ya kamata murya ta fi ɗagawa: darajar kuɗin ƙasa, harajin shigo da kaya, kuɗin man mota, lafiyar hanya, tsaron manomi a gonarsa. Ana cinikin hatsi a kasuwar duniya da dala. In kuɗin ƙasa ya rasa rubu'in darajarsa, abin da ake shigowa da shi zai tashi da sulusi ko da farashin duniya bai motsa ba. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani a Afrilun 2021 ba tare da shirya manoma ba. Noman shinkafa ya faɗi, ƙasar da ke ciyar da kanta ta koma saye daga waje, aka janye dokar a watan Nuwamba bayan ɓarna ta riga ta afku. Ba taki kaɗai ya durƙusar da ƙasar ba, akwai bashi da ƙarewar kuɗin waje, amma a Yulin 2022 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar. Wanda ya ce wannan laifin gwamnati ne bai yi ƙarya ba.

Maganar da ta fi yawa a bakin masu girki idan rai ya ɓaci ita ce, "Me ya hana a ƙayyade farashi kawai?" Na fahimci inda maganar ta fito, amma an gwada. A 2007 gwamnatin Zimbabuwe ta umarci 'yan kasuwa su zaftare rabin farashi, cikin makonni shaguna suka zama wayam, kaya suka koma bayan fage da tsadar da ta fi ta da. Hangari ta ƙayyade farashin sukari da fulawa da madara da wasu kaɗan a Fabrairun 2022. Shaguna suka taƙaita yawan abin da mutum zai ɗauka, suka fanshe asarar a kan sauran kaya, kuma kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100, mafi muni a Tarayyar Turai, ko da yake fari da faɗuwar kuɗinsu sun taimaka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in an tilasta wa mai kaya ya sayar ƙasa da abin da ya kashe, zai daina kawowa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Wannan bai wanke masu ɓoye kaya da masu haɗa baki su ɗaga farashi ba. Suna nan, kuma farashi na saurin hawa ya yi nawar sauka. Maganinsu shi ne a buɗe kasuwa ga masu kawo kaya da yawa, a hukunta haɗin baki, a kuma tallafa wa marasa ƙarfi kai tsaye.

Rabin rigimar ma rashin fahimtar kalma ɗaya ce. Gwamnati ta ce hauhawar farashi ta ragu, mai cefane ta ce ƙarya ne. Dukkansu na iya zama masu gaskiya. Abin da ake saye 100, in ya hau da kashi 30 ya koma 130. Shekara mai zuwa hauhawar ta "ragu" zuwa kashi 15, sai ya koma kusan 150. Gudun hawan ne ya ragu, ba farashin ba. Haka nan mutum biyu na iya kallon tsada ɗaya su ga abu daban ba tare da wani ya yi son zuciya ba. Tun 1857 wani masani Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Gidan da abinci ke cinye kashi 60 na samunsa, in abinci ya tashi da kashi 20, an yanke masa kashi 12 na duk abin da yake samu. Gidan da abinci ke cin kashi 10, kashi 2 kawai ya rasa. Mai cewa "abin bai kai yadda ake zuzutawa ba" ya fara tambayar kansa a wane gidan yake. Kuma don Allah a daina ce wa wadda ta riga ta rage kwano uku zuwa biyu "ki iya tattali". Ba tattali ya gaza mata ba.

Ga wanda ke da ɗan sarari kuwa, akwai abin yi, kuma shi ne zai sa gardamar ta yi nauyi. A samu ƙaramin littafi. A zaɓi kaya goma zuwa sha biyu da gidan ba ya rabuwa da su. Sau ɗaya a wata, a rana guda, a rubuta kwanan wata da nauyi da kuɗi, sannan a raba don a fitar da kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Nauyin shi ne muhimmi, domin kamfanoni kan bar farashi yadda yake su rage abin da ke cikin leda. Giram 500 da ya koma 450 a kan kuɗi ɗaya, ƙarin kashi 11 ne da ba a sanar ba. Bayan wata shida littafin zai nuna cewa ba komai ne ya tashi daidai ba, abu biyu ko uku ne ke jan sauran, kuma su za a bi.

A riƙa lissafi da abin da ke shiga baki, ba abin da aka auna a kasuwa ba. Kaza gaba ɗaya kusan sulusinta ƙashi ne da abin zubarwa, don haka a ninka kuɗin kilonta sau ɗaya da rabi kafin a gwada da tsoka zalla. Busasshen wake kilo ɗaya yana komawa kilo biyu zuwa biyu da rabi in ya dahu, kuma yana ɗauke da furotin sama da giram 200, wato fiye da na ƙwai 30, tunda ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne. Inda ribar wake ke zubewa shi ne wuta. A jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa a rufe, in ya tafasa a rage wutar, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, gas ɗin kawai ke tafiya. Kada a zuba tumatir ko wani abu mai tsami sai waken ya yi laushi, tsami na hana shi nuna. Tukunya mai kulle tururi tana rage lokacin da fiye da rabi. In kuma an yi duk wannan ya ƙi dahuwa, tsohon wake ne da ya daɗe a wuri mai zafi da laima, ba laifin mai girki ba.

Sayen kaya da yawa lokaci guda yana da riba ne kawai in ajiyar ta yi kyau, kuma a nan mutane da yawa ke asara suna zaton sun yi dabara. Hatsi ba ya ajiyuwa in danshinsa ya wuce kashi 13 zuwa 14. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba tare da cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari na minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a shanya. Mai firiza ya sa hatsi ko fulawa a ciki kwana huɗu zuwa bakwai don kashe ƙwari da ƙwayayensu, ya bari sanyin ya fita a rufe kafin ya buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai. A cika mazubi taf a rufe ruf, a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga bango. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, ba a wanke a ci, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mai a nesa da rana da zafin murhu, kuma kada a sayi fiye da abin da za a ƙarar cikin 'yan watanni bayan an buɗe. Albasa da dankali kowanne da wurinsa, in an haɗa suna saurin lalata juna.

Sai ragowar abinci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kashi 60 daga gidaje, kimanin kilo 79 ga kowane mutum, duk da cewa lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi. Dafaffiyar shinkafa ita aka fi yi wa ganganci. Kada ta wuce awa biyu a waje. A baza ta a faffaɗan faranti ta huce da wuri, a sa a firjin da sanyinsa bai haura digiri 5 ba, a ɗumama sau ɗaya kawai har ta yi tururi. In ta kwana a tukunya a wuri mai ɗumi, ƙwayar cutar da ke cikinta na iya sakin gubar da ɗumame ba ya kashewa, kuɗin magani ya fi kuɗin shinkafar.

Yanzu a koma ga kwalbar man nan. Da littafi a hannu, ƙanwar za ta iya cewa, "Yaya, duba nan, mai ne da ƙwai suka tashi, shinkafa ba ta motsa ba tun wata uku." Tambayar da ta biyo baya tana da amsa: man nan shigo da shi ake yi ko a gida ake matsa shi? In shigowa ake yi, kuɗin ƙasa ne ya faɗi, ko haraji aka ƙara, ko ƙasar da ke sayarwa ce ta rufe ƙofa? In na gida ne, girbi ne ya gaza ko kuɗin dako ne ya ninka? Duk ɗan takarar da ya zo da alkawarin sauko da farashin abinci, waɗannan tambayoyin za a jera masa, abu ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta amsarsa a bayan littafin da kwanan wata.