Ba intanet ce ta yi Arctic Monkeys ba

Duk lokacin da aka tashi ba da labarin Arctic Monkeys sai ka ji an ce su ne mawaƙan da intanet ta haifa. Ni dai wannan magana ba ta shige ni ba, kuma yau sai na faɗi abin da ke raina, ko da masu bibiyar kiɗan Turawa a nan za su ce na cika gardama.

Samari ne huɗu daga High Green, wata unguwa a gefen Sheffield, garin da a da ake ji da shi a Ingila wajen narka ƙarfe kafin masana'antun su durƙushe. Alex Turner ne mai waƙa, yana kuma kaɗa jita tare da Jamie Cook, Andy Nicholson na riƙe da jitar bes, Matt Helders na kan ganguna. Sun haɗu a 2002 suna 'yan shekara sha shida zuwa sha bakwai. Wasansu na farko a watan Yunin 2003 ne, a wata 'yar mashaya da ake kira The Grapes, aka sallame su da fam 27.

Daga nan suka riƙa shiga wani ƙaramin situdiyo mai suna 2fly suna ɗaukar waƙoƙinsu, su kwafa a faifan CD, su raba kyauta ga duk wanda ya zo kallonsu. Faifan ba ya isar kowa, don haka wanda ya samu sai ya ɗora a kwamfuta ya tura wa abokai. Haka waƙoƙin suka taru wuri guda har masoya suka raɗa musu suna Beneath the Boardwalk, daga sunan wani gidan wasa da Turner ya taɓa aiki a cikinsa. Shafinsu na MySpace, wani dandalin sada zumunta na intanet da ake yayi a lokacin, wanda ake ta jingina musu nasara a kansa ma masoya ne suka buɗe. Su da bakinsu sun ce ba su san da shi ba.

To a nan nake tambaya. Mawaƙa nawa ne suka zuba waƙoƙinsu kyauta a MySpace a waɗancan shekarun? Ina suke yau? Duk wanda ya san zamanin Bluetooth da masu tura waƙa a memori a kasuwanninmu ya san cewa waƙar da ba ta da daɗi ko kyauta ba a karɓa, balle mutum ya ɗauke ta ya kai wa abokinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke cikin waƙoƙin nan da ya sa yaro a wani gari mai nisa ya ji dole sai ɗan ajinsu ya saurara.

Abin kuwa shi ne Turner ya ƙi ara bakin kowa. Da yawa daga mawaƙan Ingila idan suka kama makirufo sai harshensu ya koma na Amurka. Shi da karin harshen Sheffield yake waƙa, yadda zai yi magana da mai shagon layinsu. Kuma abin da idonsa ya gani yake faɗa. Ga ƙaton mai gadin ƙofar gidan rawa da ya bar kowa ya shiga, ya zo kanka ya ce ka fita daga layi, ba don komai ba sai don yana neman rigima. Ga samari sun cunkushe a tasi tsakar dare, kowa na ba da labarin abin da ya faru ɗazu, mita na ta hawa, direba ya gaji da su. Ga yara suna tsokanar 'yan sanda har a cusa ɗaya a mota. A "When the Sun Goes Down" ya kalli matan da ke tsayuwa a titi da dare kusa da inda suke atisaye, da mugun mutumin da ke zagaya su, bai yi wa abin kwalliya ba. A "Fake Tales of San Francisco" kuma ya zauna ya yi wa 'yan garinsu dariya, masu hawa dandamali suna nuna kamar daga New York suke alhali daga Rotherham suke, nan kusa da gida.

Ba rayuwata ba ce, ba kuma wadda zan yi wa ɗana sha'awa ba, giya da yawon dare sun yi yawa a ciki. Amma iya kallo daban, iya faɗa daban, yaron nan kuwa ya haɗa biyun yana ɗan shekara sha tara. Kada kuma a manta da Helders. Kiɗansa kamar ana korarsa, shi ke sa kalmomin Turner masu yawa su sami inda za su zauna.

Sai ga abin da ya ba manyan kamfanoni mamaki. An ɗauka wanda ya raba hajarsa kyauta ba zai sayar ba. A watan Yunin 2005 suka sa hannu da Domino, ƙaramin kamfani mai zaman kansa na Laurence Bell, suka bar manya da ke zawarcinsu. A bikin kiɗa na garin Reading na wannan shekarar rumfar da aka ba su ta cika ta batse, jama'a na rera waƙoƙin da ko kasuwa ba su shiga ba. A Oktoba "I Bet You Look Good on the Dancefloor" ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya a makon da ta fito. Ran 23 ga Janairun 2006 kundinsu na farko, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, ya fito, ya sayar da kwafi 363,735 a mako guda, abin da babu kundin farko na wani mawaƙi da ya taɓa yi a Birtaniya kafin nan. Mutanen da suka riga suka mallaki yawancin waƙoƙin a kwamfutarsu su ne suka je suka biya kuɗi.

Ban ce intanet ba ta yi komai ba. Ta gajarta hanya, tafiyar shekara biyar ta koma ta shekara biyu. Jaridu ma sun zuzuta har abin ya wuce gona da iri: mujallar NME ta saka kundin a na biyar cikin mafi girman kundayen Birtaniya na kowane zamani, a watan da ya fito! Haba dai. Ni kaina akwai waƙa biyu ko uku a ciki da nake tsallakewa, don gudu ɗaya ne, ihu ɗaya ne. Saurin kuma ya ci mutum. Nicholson ya gaji da yawon wasa, bai bi su Amurka ba a tsakiyar 2006, Nick O'Malley ya maye gurbinsa, kuma har suka karɓi kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya yi fice a shekara, a watan Satumba ba ya cikin ƙungiyar.

Ku da kuka san su ta kundin AM na 2013, da gashi a kwance da rigar fata, ku koma kundin farko ku saurari "Riot Van" da "A Certain Romance", sannan ku zo mu yi musun da kyau.