Ledar da ka jefa a Wikki: nasiha ga ƙannena matasa

Assalamu alaikum. Ƙannena, ku yi haƙuri da ni yau, raina a ɓace yake tun ranar Asabar da na dawo daga Yankari, kuma maganar ta ƙi kwanciya a cikina.

Iyali na kai su ga ruwan Wikki. Wanda ya taɓa zuwa ya san shi: yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana iya ƙirga yatsun ƙafarka a kan yashi, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, dare da rana. Muna zaune a bakin matakala sai ga wasu ɗalibai, ba su kai goma ba, kowa da buhu a hannu, suna bin gefen ruwa suna tsince ledojin ruwa da robobin lemo. Na tambayi babbansu wa ya aiko su, ya ce babu kowa, karo-karo suka yi suka biya kuɗin mota. Wata yarinya a cikinsu ta tattare hijabinta, ta sa sanda tana ƙoƙarin jawo wata leda da ta maƙale a saiwar bishiya. Ana cikin haka wani saurayi, cikin wasu da suka zo da sifika suna ta kiɗa, ya tsotse ruwan ledarsa, ya wurga ta gabanta, ya ce: "Ga wata nan. Nawa aka biya ku?" Abokansa suka fashe da dariya, ɗaya har yana ɗauka a waya.

Wallahi zubar da ledar ya yi mini ciwo, amma tambayar ta fi. Nawa aka biya ku! Wato mun kai lokacin da yaro ba zai iya yarda cewa mutum zai sunkuya ya ɗauke ƙazanta don Allah ba, sai in da kwangila a ciki. In ba za ka yi ba, ba ni wuri. Ba ka tsinta ba, ka ƙara, kuma ka yi wa mai tsinta ba'a, sa'ar ƙanwarka, a gaban jama'a.

Kai da ka jefa, ka san inda ledar za ta? Ruwan Wikki gangarawa yake ya faɗa kogin Gaji, kuma in rani ya tsananta Gaji ne mashayar dajin gaba ɗaya. Nan giwa ke saukowa, nan ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo ke haɗuwa. Leda ba ta ruɓewa, wannan ko yaron goye ya gani a kwatar gidansu. In kana son sanin abin da take yi wa dabba, je ka kwata da sassafe ka tsaya kusa da mahauci. Na ga an farka tumbin saniya an zaro dunƙulen leda baƙi ƙirin, ya murɗe kamar igiya. Dabbar tana ci ba ta ƙiba, tana ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Saniya ke nan mai ubangida. Gwankin da ke tsakiyar daji wa zai kai shi wurin likitan dabbobi?

Na san amsar da za ku ba ni, na ji ta ba sau ɗaya ba: ai akwai masu shara, ai na biya kuɗin shiga, ai kayan gwamnati ne. Wannan "kayan gwamnati" ita ta cinye mu. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Hannu ya sauya sau nawa, amma ruwan yana nan a ƙasar Alkaleri, kuma mu ne muke shiga cikinsa, 'ya'yanmu ne suke kurɓarsa in suna koyon iyo. Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200. Masu gadinsa suna kwana da kwanaki a ƙafa suna sintiri, suna arangama da mafarauta masu bindiga, don a tsira da ragowar giwayen da ba su da yawa a duk Najeriya. Su kuma za ka ɗora wa bin bayanka suna kwashe robar lemonka?

Ga masu jefar da guntun sigari a busasshiyar ciyawa lokacin hunturu, su ma zan waiwaye su wata rana. Ga masu miƙa wa gwaggon biri biskit don a ɗauki hoto a sa a TikTok, sannan in ya fizge jakar wata baiwar Allah a ce birin ne mara mutunci. Wa ya koya masa? Ya saba ne da warin abinci a cikin ledar da kuke yarwa. Kun ga mun sake dawowa kan ledar nan.

Kuma mu ne masu cewa tsafta cikon addini. Tun muna allo aka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan ɓata mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Yaran nan masu buhu darasin suke aikatawa. Wake ɗaya ke ɓata gari, ga shi mu waken ya yi yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa ku nake wa magana, ban je wurin tsofaffi ba. Ku gyara, ku ja kunnen junanku, in kun ga masu aikin sa kai ku kama musu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu da muka taso mun tarar da aikin gayya. Mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito da fartanya da kwando a yashe rijiya, a gyara hanyar maƙabarta, ba mai tambayar ko sisi, ladan kunu ne da "Allah ya yi albarka". Goro a ganyen fita ake ƙulle shi, cefane a kwando, fura a ƙwarya, abin da aka yar ƙasa ce ke cinye shi. Duba-gari na leƙa randa, malamin daji na tsare icce, yaro kuwa bai isa ya jefa ko tsinke a rijiya ba, duk babban da ya gan shi ubansa ne a wannan lokacin. Yanzu ka yi wa yaro magana ya ce ina ruwanka. Ni ma da na ce wa saurayin nan, "Haba ɗan'uwa, ɗauke mana," kallona ya yi sama da ƙasa ya ƙara ƙarar sifikarsa.

Yarinyar ba ta ce masa uffan ba. Ta sunkuya ta ɗauki ledar ta sa a buhu, ta koma kan wadda ta maƙale a saiwa. Da la'asar muna kan hanyar fita ta ƙofar Mainamaji, bas ɗin samarin nan masu sifika na gabanmu, na ga hannu ya fito ta taga ya saki wata robar a cikin ciyawa.