Babu ƙwayar cuta a cikin man shafawar

Yana damuna yadda wasu ke ƙaurace wa man shafawa da zarar sun ji an haɗa shi da sinadarin ƙwayoyin halittar teku, suna ɗaukan cewa ƙwayoyin cuta masu rai ake zubawa ciki. Tsoronsu yana da dalili, domin an saba jin sunan bakteriya tare da ciwo. Sai dai abin da ake amfani da shi, sinadarin da ƙwayar ke fitarwa ne kawai. Misali, bakteriyar Alteromonas tana lulluɓe kanta da wani sikari mai yauƙi don kariya. A tankunan masana'anta ake renonta, a tace sikarin, a raba shi da ƙwayoyin, sannan a sa a mai domin ya riƙe danshin fata.