Sanyin Kanada Yana Tona Asirin Tarakta, Zafin Gida Yana Rufa Mata

A lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, inda nake zaune, sanyin watan Janairu yakan kai digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili, amma duk da haka dole mai kiwon shanu ya tayar da tarakta kowace safiya, domin da ita ake kai wa dabbobi busasshiyar ciyawa, da ita kuma ake ture dusar ƙanƙara daga hanya. Da yawa daga cikin taraktocin da ke wannan aiki tsofaffi ne, irin su John Deere 4020 da aka ƙera tsakanin 1964 da 1972, da Massey Ferguson masu injin Perkins, waɗanda mu ma muka sani a gonakin Arewa.

Injin dizal ba shi da filogin da ke ba da wuta kamar injin fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafin da man zai kama da kansa idan nozul ta fesa shi. A irin wannan sanyi ƙarfen injin yana shanye zafin kafin man ya kama, baƙin mai yana yin kauri har kik ya kasa juya injin da sauri, batir kuma yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa ake auna ƙarfin batir a digiri 18 ƙasa da sifili, a rubuta a jikinsa. Shi kansa man dizal akwai kakin da ke cikinsa wanda yake daskarewa ya toshe filta, sai tarakta ta tashi ta yi ɗan tafiya ta mutu a tsakiyar fili.

Manomin Saskatchewan ba ya jiran safiya kafin ya nemi mafita. Tun kaka yake zuba man dizal na sanyi wanda ba ya saurin daskarewa, ya sauya baƙin mai zuwa mara kauri irin 0W-40, ya tsiyaye ruwan da ya taru a tanki. Akwai hita da ke cikin jikin injin, wadda ake jona wa wutar lantarki sa'o'i kaɗan kafin a tashi aiki, ta ɗumama ruwan lagireto. Wasu injinan Perkins suna da wata ƴar na'ura a hanyar shigar iska da ke ƙona ɗigon dizal don iskar ta shiga da ɗumi. Ba a riƙe kik fiye da daƙiƙa 30 ba tare da an bar shi ya huce ba, kuma idan injin ya kama, sai a bar shi ya yi ɗumi kafin a ɗora masa kaya. Tun da can ma haka masu ƙira suka ɗauki lamarin da muhimmanci: tsofaffin John Deere na dizal suna da ƙaramin injin fetur wanda aikinsa kawai shi ne ya juya babban injin ya ɗumama shi.

Abin da ake ta jayayya a kansa shi ne ruwan ita (ether), wani sinadari mai saurin kamawa da wuta da ake fesawa a hanyar iska. Yana tayar da injin nan take, amma yana fashewa tun fistin bai kai sama ba, kuma idan ya yi yawa yana karya ringi, idan ya haɗu da hita mai zafi yana iya tarwatsa hanyar iskar. Ra'ayina shi ne, duk taraktar da ba ta tashi sai da shi, gyara take nema.

A nan ne nake tuna gida da damuwa. Hunturun Kano ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, don haka injin da ringinsa ya cinye, batirinsa ya gaji, yana iya tashi, musamman idan an ajiye taraktar a kan gangara ko an tara matasa sun tura. Wasu kuma sukan jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin matatar iska, wanda illarsa ɗaya ce da ta ruwan ita. Zafi yana ɓoye ciwon, sai ranar da ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, manoma sun yi layi suna jiran huɗa, sannan injin ya tsaya cak. Taraktocin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi da na Fiat da aka haɗa a Kano ba su kai John Deere 4020 tsufa ba, amma da yawa sun daɗe a yashe a bakin gareji.

Na san manominmu ba shi da wutar lantarki tsayayya, kayan gyara na ƙwarai suna da tsada, kuma man da ake saya a jarka ba kullum yake da tsabta ba. Sai dai abokiyar gabarmu ƙura ce, kuma maganinta bai kai na sanyi tsada ba. Ƙurar hunturu ce take shiga silinda ta cinye ringi, har matsin iskar ya ragu. Tarakta tana zaune watanni bayan girbi, kuma a cikinsu ne ya kamata a cire batir a riƙa yi masa caji, a wanke matatar iska, a tace man, a sauya filta, a kai nozul wajen bakanike ya gwada feshinta, tun a watan Maris kafin gareji ya cika.