Shaidun da aka sa wa kwado

Wai hukumar gano gaskiya, irin wadda gwamnati kan kafa don binciken zaluncin da aka yi wa jama'a a baya! An tara jama'a, uwa ta zo ta faɗi yadda aka ɗauke ɗanta da tsakar dare, ta yi kuka a gaban kyamara, an rubuta, an naɗi muryarta, sannan aka zuba komai a kwali aka kulle. Mai bincike ya zo nema, a ce ya cika fom, ya kawo wasiƙar jami'a, ya jira izini daga sama. Izini ya fito, a ce ba a gama tantance takardun ba. Ranar da aka ga dama aka miƙo fayil, sai ya tarar an shafe rabin shafi da baƙar tawada, har da kwanan wata da sunan barikin da aka tsare mutumin. To me zai rubuta da wannan?

Hukumar Guatemala ta ba da rahotonta a 1999, ta ƙiyasta mutum 200,000 aka kashe ko aka ɓatar. Ainihin bayanan shaidun suna New York a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, a rufe sai 2050. Wanda ya yi magana yana ɗan shekara 40, sai ya haura 90, in da rai. A Afirka ta Kudu mutum wajen 21,000 suka ba hukumar gano gaskiya da Desmond Tutu ya jagoranta bayani, amma akwatuna 34 na takardunta suka ƙare a ofishin ministan leƙen asiri, sai da aka kai ga kotu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kwamitin Oputa na Najeriya, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam, ya miƙa nasa rahoton a 2002, gwamnati ba ta wallafa shi ba, ƙungiyoyin farar hula ne suka fitar da shi a 2005.

Kullum hujjar ɗaya ce: kare shaidu. Wannan gaskiya ne, matar da aka yi wa fyaɗe tana da haƙƙin a sakaya sunanta. Ai sai a sakaya sunan, a bar sauran! Amma sunan kwamandan da ya ba da umarni fa, wa ake karewa da ɓoye shi? Ga kasakasan shekarun 1990 suna lalacewa, na'urar kunna su ma ta yi wuyar samu.

A ɗauki ma'aikata su jera takardun nan, a fitar da jerin abin da ke ajiye, duk wanda aka hana kuma a rubuta masa dalili, da sa hannun wanda ya hana.