Lambar mota mai tonon asiri

Ranar Juma'ar da na fara zuwa masallaci da motar da na saya a nan Birmingham, sai da na wanke ta sau biyu. Toyota ce fara tas, ko ƙwarzane babu, ƙamshin sabunta ma bai gama fita daga kujerun ba. Muna fitowa daga salla sai ɗan abokina, yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya kalli lambar ya ce, "Kawu, ai ta bara ce." Ubansa ya daka masa tsawa, ni kuwa na yi dariyar yaƙe. Gaskiya yaron ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo.

A Ingila lambar mota takardar haihuwa ce da aka manna gaba da baya, fara a gaba, ruwan ɗorawa a baya. Tun watan Satumba na 2001 suke kan wannan tsarin. Harafin farko yana nuna yankin da aka yi rajista: B na Birmingham, L na Landan, M na Manchester. Bayan harafi na biyu sai alƙaluma biyu masu faɗin shekara. Motar da aka yi wa rajista daga Maris zuwa Agusta 2024 tana ɗauke da 24, daga Satumba kuma a ƙara hamsin, ta koma 74. Tawa 73 ce. Da wannan lambar za ta tsufa ko hannu goma ta canja. Mai kuɗi yana iya sayen lamba ta musamman, amma doka ta hana shi manna wadda za ta rage wa motar shekaru.

Ba zan ɓoye ba, na ci moriyar abin. Masu sayar da motoci kan yi wa sababbi rajista da sunan shagonsu don su cika adadin da kamfani ya ɗora musu, to da sabuwar lamba ta fito sai darajar waɗancan ta faɗi. Haka na samu tawa, watanta bakwai, ba ta yi tafiyar mil dubu biyu ba. Wadda ta wuce shekara uku kuwa dole ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara, kuma kowa na iya rubuta lambarta a shafin gwamnati ya ga nisan da ta ci. Ba a bukatar dillali ya rantse maka cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta zuwa cefane kawai. Ni ma an taɓa sayar mini da 'yar Kwatano da wannan rantsuwar, bakanike ya ci kuɗina har ya gaji.

Duk da haka, wallahi namu ya fi sutura. A Kano KMC ko DAL ƙaramar hukuma kawai suke faɗa, ba ruwansu da shekarun motarka balle nauyin aljihunka. Motar da ta shekara goma sha biyar a Turai, ranar da ta shigo layinku sabuwa ce. Maƙwabta su fito, wannan ya shafa, wancan ya ce a buɗe inji ya gani, ana ta "Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya", yara sun cika bayan suna jiran a zaga da su. Nan na ajiye tawa a ƙofar gida mako uku, maƙwabcina bai ce uffan ba sai ranar da na ɗan tare masa hanya.

Daren Juma'ar nan na tura wa Hajiya hoton motar. Ta aiko saƙon murya na minti huɗu, addu'a ce tun daga farko, ina jin ƙannena a bayanta suna amin. Ba ta tambayi shekarar ba. Abin da ta tambaya shi ne ko na fitar da sadaka, na ce mata ban san wanda zan ba a unguwar nan ba, ta ce in turo kuɗin za ta sa a yi waina a raba a ƙofar gida.